Da Wankin Kwalabe Na Fara

Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, wajen Ƙofar Doka aka yanke mini cibiya, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa aikin asibiti ko na gwamnati. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗinkin hannu ya gada, aikin wuyan babbar riga, da shi ya ciyar da mu. Inna kuwa kaji take kiwo a bayan ɗaki, su ne littafinmu, su ne takalmin makarantarmu. Sai dai kusan duk shekara, da hunturu ya kama, annoba kan shigo unguwa. Kaza ta yi laƙwas, tana koren zawo, tana jan numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Inna ta jiƙa musu barkono da sassaƙen maɗaci, mai sauran kwana ta tashi. Sai da na girma na san cutar Niyukasil ce, kuma tun kafin a haife ni ana yin rigakafinta a ƙasar nan.

Likita na so zama, kamar kowace yarinya da ta ɗan iya kimiyya a sakandare. Makin jarrabawar shiga jami'a bai kai ba. Kawuna ya ce kada in zauna jiran baɗi, in karɓi difloma a fannin aikin ɗakin gwaji. Wata ƙawar Inna da ta ji ta ce, “Ai wannan a wankin kwalabe ake ƙarewa.” Maganar ta yi mini ciwo har na yi kuka, amma na tafi.

Ƙa'idar karatun ita ce bayan shekarar farko ɗalibi ya fita wata huɗu ya ga aiki da idonsa, shirin nan na SIWES da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ke kula da shi, bayan kammala difloma kuma ya yi shekara guda a wurin aiki kafin ya koma babbar difloma. A nan 'yan Zariya muke da gatan da ba mu san muna da shi ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da tsangayar likitancin dabbobi da ta harhaɗa magunguna. Ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, a Shika inda aka fitar da kazar Shika Brown, ga cibiyar binciken sinadarai a Basawa, ga ta fata da ƙirgi, ga asibitin koyarwa. Yaron Zariya yana wuce ƙofofin nan a bas kullum, bai san me ake yi a ciki ba. Ni a 2010 na samu wuri a wani ɗakin gwaji a ɓangaren Samaru, inda ake aiki a kan cututtukan kaji.

A can na haɗu da dattijon da kowa ke kira Baba. Ba shi da digiri. Da shara da kai saƙo ya fara yana saurayi, wani tsohon ma'aikaci ya ga natsuwarsa ya jawo shi kusa, daga baya aka tura shi cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ya yi kwas. Lokacin da na same shi ritayarsa ta kusa, amma da idona na ga manyan malamai masu digirin digirgir suna tsayawa a bakin ƙofa su ce, “Baba, don Allah duba mana wannan.”

Ranar farko na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ƙafata ya ce, “'Yata, gobe ki zo da rufaffen takalmi. Nan ba a shiga da silifa.” Ya nuna mini wurin wanki, kwalabe sun cika baho.

Na daɗe a bakin famfon nan. Ya koya mini a jiƙa, a goge da buroshi har gindin kwalba, a ɗauraye da ruwan famfo sau da yawa, sannan a bi da tataccen ruwa. Idan na gama sai ya ɗauki guda ya ɗaga ta wajen taga. In ruwan ya sauka sumul ya lulluɓe gilashin, ta fita. In ya tsaya ɗigo-ɗigo a jiki, akwai sauran maiƙo ko sabulu, sai ya miƙo mini ba tare da faɗa ba. Wata rana na ce, “Baba, yaushe zan fara aikin?” Ya ce, “Wane aikin? Sabulun da ya rage a kwalbar nan zai kashe abin da za a raina a cikinta, mai bincike ya yi wata uku yana neman dalili bai gano ba. Kin fara aiki tun ranar da kika zo.”

Daga wanki na wuce otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da matsattsen tururi. Maki 121 na zafi, minti 15, kuma ba a fara ƙirga mintin sai allura ta kai. Ana manna wani tef a jikin kaya, in zanensa ya yi baƙi an san zafi ya taɓa su, amma Baba ya ce tef shaidar zafi ce kawai, ba shaidar lokaci ba, don haka sai na tsaya da agogo. Busassun kayan gilashi kuma tanda ake sa su, maki 160, awa 2. Na koyi auna garin aga, wanda ake rainon bakteriya a kansa, a sikeli, da zuba shi a faranti kusa da harshen wutar gas ba tare da na yi magana a kansa ba. Na koyi dalilin da ya sa sifirit mai kashi 70 ya fi tsantsarsa kisa, domin tsantsar tana bushewa kafin ta ratsa ƙwayar. Da hunturu ya shigo muka toshe kafofin tagogi, saboda ƙurar Zariya tana iya ɓata aikin mako guda. Firjin ɗakin kuwa ko ledar ruwan sha ba ta shiga, balle zoɓo. Safe da yamma sai an karanta ma'aunin sanyinsa an rubuta, tsakanin 2 da 8.

Aikin da ya shiga raina shi ne na ƙwai. Ƙwayar cutar Niyukasil bairos ce, ba ta girma a faranti kamar bakteriya, sai a cikin abu mai rai. Saboda haka ake kawo ƙwai masu ɗan tayi, 'yan kwana 9 zuwa 11 a inkubeta. Mu shiga ɗaki mai duhu, Baba ya kanga ƙwan a bakin fitila. Ranar da na fara gani sai da na yi salati. Jijiyoyin jini sun yi rassa ja wur a cikin ɓawon, ga ɗan baƙin ɗigon ido, abin yana motsi. Baba ya ce, “Kin ga wannan? Mai rai ne. Wanda jijiyarsa ta dushe, ajiye shi gefe.” A zana iyakar kumfar iskar da ke saman ƙwan da fensir, a goge wurin da sifirit, a huda ɗan ƙaramin rami, a tura allura a zuba ɗigon iri, kashi ɗaya cikin goma na mililita, cikin jakar ruwan da ke gefen ɗan tayin. A liƙe ramin da kakin kyandir, a mayar inkubeta a maki 37. Wanda ya mutu a kwanan farko ba a lissafa shi, rauni ne ko datti ya kashe shi. Bayan kamar kwana 4 a sa su a firji su kwana, domin jijiyoyin su tsuke kada jini ya gauraya da ruwan. Washegari a fasa saman a zuƙo ruwan, garai-garai idan aiki ya yi kyau. A ɗiga shi a kan jajayen ƙwayoyin jinin kaza, in suka dunƙule suka yi tsaki-tsaki, bairos ɗin ya hayayyafa.

Irin da ake zubawa kuwa ana adana asalinsa a daskare, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai kindirmo ke rage ɗan tsohon nono ta zuba wa sabuwar madara. Mu namu na bincike ne, amma Baba ya ce haka ake yi a masana'anta, da nau'in bairos mai rauni wanda ba ya kashe kaza, kuma ruwan ƙwai guda yana iya isar kaji dubbai. Rigakafin shawara da na mura da ake yi wa mutane ma a ƙwai ake rainon su. Sannu a hankali ya bar mini allurar. Da farko hannunsa yana kan nawa, daga baya ya koma tsayawa a bayana, har ranar da na ɗaga kai na ga ya fita alwala ya bar ni da tire guda.

A lokacin ne na samo wa Inna rigakafin Niyukasil nau'in I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido. Na bi gidajen maƙwabta da yamma bayan kaji sun shiga akurki. Hunturun shekarar annoba ta zo kamar yadda ta saba, kajinmu suka tsallake. Inna ba ta ƙara bari kowa ya yi maganar kwalabe a gabanta ba.

Akwai abin da ya faru da ba na mantawa. Wata Litinin muka zo muka tarar wuta ta ɗauke tun daren Asabar, man janareta ya ƙare, inkubeta ta huce. Ƙwan wani ɗalibin digiri na biyu ne a ciki, da kuɗin aljihunsa ya saye su, ga malaminsa yana jiran sakamako. Da aka haska su wasu suna motsi. Ya ce, “Baba, ka taimake ni, tunda suna da rai a rubuta 37 a gurbin jiya mu ci gaba. Wa zai sani?” Baba ya yi shiru, ya jawo littafin, ya rubuta abin da ma'auni ya nuna da lokacin da muka same shi, ya sa hannu. Sannan ya ce, “Ɗana, ni na sani, kai ka sani, yarinyar nan da take koyo ta sani. In na rubuta maka ƙarya yau, ita za ta rubuta wa wani gobe a inda ake yin maganin mutane.” Saurayin ya fita ransa a ɓace. Da azahar na ga Baba ya kira shi gefe ya ƙirga masa kuɗi daga aljihunsa, ya kuma yi wa mai gonar kajin waya a tanadar masa wasu ƙwan.

Da yamma ya tuna mini abin da ya faru a ƙarshen 2008, wanda duk Zariya ta ji. Wani maganin fitar haƙorin yara ya lalata ƙodar jarirai a Legas da Ibadan da nan garin, sama da yara 80 suka rasu. Sinadari mai guba aka zuba a madadin na gaskiya, domin an sayo shi a hannun wanda ba shi da lasisi, kuma ba a gwada shi ba kafin a haɗa. Baba ya ce da an samu ma'aikaci ɗaya da ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga gwaji, da iyayen nan suna tare da 'ya'yansu. Daga ranar na gane me ya sa ya hana fensir da abin gogewa a littafin aiki. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata.

Yana yawan ba ni labarin Vom. Ya ce a nan Zariya aka fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi, kafin a mayar da ɗakin gwajin Vom a 1924, saboda cutar bushiya da ke share garken shanu. Ya ga ɓarnar da ta yi a 1983, Fulani suna kuka kamar an yi musu rasuwa. Da aka sanar a 2011 cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, na je gaishe shi na same shi ya sayo goro yana rabawa.

Shekarar aiki ta bayan difloma, Baba ne ya rubuta wa wani tsohon yaronsa takarda, a wata masana'anta a kudu da ke yin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya. Mahaifina ya ƙi da farko. Budurwa, garin da ba dangi, wa zai kula da ita? Sai da Baba ya hau bas ya zo har zaurenmu. Ban ji abin da suka tattauna ba, na dai kai musu ruwa na ga mahaifina yana nuna masa wata riga da yake aiki a kai. Aka samo wata gwaggo ta nesa a unguwar Hausawa, na zauna a wurinta.

Ruwan ƙari abu ne mai sauƙin faɗa, giram 9 na gishiri a lita guda ta ruwa. Wahalar ita ce kai tsaye jijiya zai shiga. A can na san cewa babban dattin ɗaki mai tsabta shi ne mutum, fatarsa da gashinsa da numfashinsa. Kafin ki shiga sai kin cire 'yan kunne da zobe da awarwaro, ba hoda, ba kwalli, ba jan baki. Ki wanke hannu har gwiwa, ki sa hula mai rufe kai da wuya, da takunkumi, da riga ɗinki ɗaya daga sama har ƙasa wadda ba a yarda ta taɓa daɓe ba, da safar hannu biyu. Ga 'yan'uwana mata masu tambaya, suturar wurin ta fi ta kowane ofis rufe jiki, kuma ɗakin sauya kayan mata daban ne. A ciki ba gudu, ba yawan magana. Aikina shi ne ajiye buɗaɗɗun farantai a kusurwoyi na awa 4 don a ga abin da ke faɗowa daga iska, da sa ma'aikata su dangwala yatsunsu a kan aga. Kowane zubi sai an ɗebi samfur an ajiye kwana 14, in ba abin da ya tsiro sannan ya fita kasuwa. Akwai kuma gwajin gubar da matattun bakteriya ke bari, wadda otokilef ba ya lalatawa, ita ce ke sa majinyaci rawar ɗari bayan an ɗaura masa ruwa.

Abin da ake ba mu a wata ko kuɗin mota ba ya kaiwa. Cikin waɗanda muka fara tare, da yawa sun bari, kuma wallahi wasunsu sun fi ni kai. Wani yaro mai hannu kamar na Baba ya koma sayar da katin waya domin shi ke ciyar da ƙannensa. Ni gwaggo ce ta riƙe ni. Na koma na yi babbar difloma, suka ɗauke ni aiki, na yi shekaru, aure ya dawo da ni gida. Yanzu ina wani ɗakin gwaji a nan Zariya, kuma ni ake turo wa ɗalibai.

Lokacin korona na ji zafin halin da muke ciki. Sai a watan Maris na 2021 rigakafin farko ya sauka a Abuja, kusan miliyan 4, daga wata masana'anta a Indiya, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Alhali a Yaba ta Legas an yi shekaru ana yin rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har aka tsayar da aikin a 1991. Afirka gaba ɗaya ba ta yin fiye da kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, kuma shugabanninta sun ɗauki alkawarin kaiwa kashi 60 nan da 2040. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na 3 na ƙwarewar hukumomin sa ido a kan magunguna, wanda hanya ce ta a yarda da abin da muka yi. Duk ina murna da su. Amma kullum maganar gini da injina ake yi. Injin ana sayo shi a sauke a wata shida. Wanda zai tsaya a gabansa ya cika kwalba dubu ba tare da ya gurɓata ɗaya ba, ya kuma rubuta gaskiya da ƙarfe ukun dare ba mai kallonsa, shekaru ake yi ana rainonsa a gefen wani. Mutanen Yaba da suka iya sun tsufa, wasu sun rasu, ba su samu wanda za su miƙa wa ba. Irin su Baba ma ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya.

A Jamus yaro yana gama sakandare ya shiga kamfani a matsayin mai koyon aikin ɗakin gwaji, shekara uku da rabi, wasu ranaku a aji wasu a bakin aiki, ana biyansa, ya fito da takardar da kowa ya yarda da ita. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Duk mai walda ko makaniki a Sabon Gari yana da yara, yana ba su na abinci, ya yaye su idan sun iya. Ɗakunan gwajinmu ne ba su da wannan tsani. Wata huɗu ba sa isa, yaro yana fara sanin inda hannunsa yake sai a ce lokaci ya yi. Abin da nake roƙo shi ne cibiyoyin da ke Samaru da Shika da Basawa su haɗa kai da masu masana'antu da hukumar ilimin fasaha da ke nan Kaduna, a buɗe koyon aiki na shekara biyu ko uku, da alawus ɗin da zai kai yarinya daga Tudun Wada zuwa Shika ta dawo ta ci abinci. A kuma dawo da tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya su koyar tun suna da ƙarfi. Baba yana nan da ransa, idonsa ne ya yi rauni, amma ya ce in za a kawo masa yara zai zauna a kujera ya faɗa musu.

Ɗalibai na suna zuwa da ilimin littafi mai kyau, wasu sun haddace abin da ni sai na duba. Duk da haka bakin famfo nake fara kai su. Waɗanda suka daure, kafin su tafi ina bar musu allura.

Ga wadda take shirin fita SIWES ko ƙaninta yake shiri: kada a nemi wurin da za a sa hannu a littafi kawai a ce a dawo ƙarshen wata. A nemi inda ake aiki, ko da nisa, a fara kai takarda da wuri domin gurbi kaɗan ne. A tambayi wane ne tsohon ma'aikacin wurin, a gaishe shi, a liƙe masa. A yi rigakafin ciwon hanta nau'in B in za a taɓa jinin mutane. A yanke farce, a tafi da rufaffen takalmi, da farar riga mai dogon hannu, da littafi mai ƙaƙƙarfan bango wanda ba a yage masa shafi, da biro biyu.